Abin da Aka Binne a Gindin Randa

Ana tsakiyar bazara, lokacin da zafi yake hana mutum zama cikin ɗaki, 'yar ƙanwata da ke karatun kimiyya a jami'a ta zo garinmu, can wajen Kazage, tare da abokan karatunta. Binciken kammala karatu ya kawo su, a kan tsutsar ciki a jikin yara. A gidana suka sauka. Ta roƙe ni in yi wa jama'a bayani a masallaci, na rubuta maganar da ajami don kada in yi tuntuɓe, amma da na zo wurin da ake son kowane gida ya ɗebo bayan gidan yaro a 'yar roba mai murfi, sai da na nemi tsari kafin na karanta. Mutane suka bayar don ganin idona.

A ƙofar gidana akwai randa ƙarƙashin darbejiya, a kan tulin yashi. Tun zamanin mahaifina ake cika ta sadaka, manomi da makiyayi da ɗan acaɓa kowa ya tsaya ya sha. Yashin nan ba ya bushewa, ko da rana tsaka sanyi gare shi.

Washegari da hantsi na sunkuya zan ɗauki moɗa, sai na ga jan murfi ya leƙo daga cikin yashin. Na tona da yatsa. Roba ce. Na ƙara tonawa, ga wata, ga wata, an jera su kewaye da gindin randar. Da ruwan nan na yi alwalar asuba.

Na kira 'yar ƙanwar tawa. "Ke, mene ne wannan?"

"Kawu, ƙanƙarar cikin kularmu ce ta narke, kuma babu wuta. Nan ne kaɗai wuri mai sanyi. A rufe suke gam, ba abin da zai fita."

"Najasa a gindin ruwan sha? Haka ake koya muku a can?"

Wani abokin karatunta, dogo mai tabarau, ya ce, "Baba, a kimiyyance ruwan bai gurɓata ba."

Na miƙa masa moɗa. "Bismilla, sha." Ya ce shi bai daɗe da sha ba.

Na ce a kwashe su yanzu. Ta durƙusa. Ta ce mota sai gobe, sai an haɗu da ayarin da jami'an tsaro ke rakawa ta hanyar daji. Idan zafi ya taɓa robobin kafin su isa ɗakin gwaji, aikin ya lalace, malaminsu kuma ya ce ba zai sake barin ɗalibi ya biyo hanyar nan ba. Shekararta ce za ta tafi a banza. Na ce to a ɗauke randar a bar musu yashin.

"Kawu, randar ce ke sanyaya shi. Sai dai ma a ƙara mata ruwa."

Daga baya na sa aka cika randar, na ɗauke moɗar, na shimfiɗa buzu a wurin na zauna gadi. Wani Bafulatani ya zo da sandarsa a kafaɗa, ya miƙa hannu zai buɗe faifan da ke bakin randar, na ce masa a'a. Ya dube ni kamar bai san ni ba. Na sa aka kawo masa ruwa daga cikin gida, mai ɗumi, ya kurɓa ya tafi. Haka na wuni ina korar masu ƙishirwa, ban iya gaya wa ko ɗaya dalili ba. In iska ta kaɗa sai in ji kamar wari, ko da yake sun rantse babu.

Da safe suka tone kayansu suka bi ayari. Bayan kwanaki ta kira ni ina cin tuwo, murya cike da murna. Ba ko ɗaya da ya lalace, malaminsu ya karɓi aikin, za ta gama tare da 'yan ajinsu. Ta fara ba ni labarin irin ƙwayayen tsutsar da ta gani a madubin ɗakin gwaji, da kamanninsu.

Na ce, "Alhamdu lillahi, Allah Ya yi albarka. Tsaya nan." Na rufe kwanon na tura shi gefe.