Na Allah da waƙar bayan katanga

Da sunan Allah nake farawa. Safi, riƙe alƙalaminki, kuma kada ki gyara mani magana, yadda na faɗa haka za ki sa. Labarin wanki Na Allah ne. Ke lokacin kina ƙarama, abin da kika sani a bakin mutane kika ji, su kuwa rabin zance suke ɗauka.

Biyu na binne kafin shi, shi ya sa da ya zo na ce wannan na Allah ne, ban sa rai ba. Sai ga shi ya zauna. Ya tashi yaro marar surutu, in ka aike shi ya je ya dawo, ba ka jin labarin hanya. Fari na farko, wanda soja suka karɓi mulki a cikinsa, ya same shi yana ɗan saurayi, ya ci anza, 'ya'yan dajin nan masu ɗaci, tare da mu. Bayan nan ya duƙufa noma a nan Kanan-Bakashe har ya mallaki bijimai biyu da amalanke, ya auri Furera, Allah ya ba su ɗa namiji.

Sai fari na biyu ya zo. Hatsi ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye muna kallo. Bijimi ɗaya aka karɓe shi a kasuwar Mayahi kamar kyauta, ɗayan ya kwanta bakin rijiya bai ƙara tashi ba. Babanku ya riga ya rasu. Maza suka watse neman abin sawa a baki. An rufe iyaka, ba halin shiga Najeriya, sai wanki ya tsaya Maradi yana ga-ruwa, garwa biyu da sanda a kafaɗa. Mu mata muna bin layin jar dawa ta taimako, soja na tsaye a kanmu, wata rana a samu, wata rana a dawo da ƙwarya wayam. Cikin haka ƙyanda ta shigo gari ta ɗauke yaron Furera. Ubansa bai nan.

Da bazara ya dawo. Duk abin da ya zo da shi, 'yar rakoda ce naɗe cikin tsumma da kasat guda. Aka kai shi ya ga kabarin, ya dawo ya zauna jikin rumbun da ba komai ciki. Shi ke nan fa. Ba magana, ba ci. Salla kaɗai ke tada shi, ya idar ya koma. Furera ta aje kunu, ta dawo ta ɗauka yadda ta aje. Ina kallon wuyansa yana zama kamar kara. Na yi roƙo, na karɓo rubutu wurin malam, ya kurɓa don kunyata ya aje. Na ce a raina, ashe na uku zan binne, jinkiri kawai aka yi mani.

Wata rana da hantsi sai na ji kiɗa a bayan ɗaki. Ni ko gidana ba a kiɗa, ko na biki a waje ake tsayawa. Na zagaya da niyyar in hana. Muryar mace ce, siririya, tana hawa tana sauka kamar wadda ta yi kuka har ta gaji, da wani abin busa irin sarewar makiyaya, da 'yar ganga can ƙasa. Na buɗe baki ke nan sai na ji matar ta ce "duniya". Na tsaya. Ta ƙara jan ta, duniyaaa. Can gaba kuma na ji ta ambaci du'a, sarai da kunnena.

Na ce, "Na Allah, wane yare ne wannan?"

Ya ce, "Indiyanci ne, Inna."

Rabon da in ji muryarsa tun ranar da ya sauka. Na durƙusa a hankali kamar mai kamun kaza. Na ce ina ya samo ta. Ya ce jikin katangar silima yake aje garwarsa, masu shiga kallo su sayi ruwa. Silimar ba ta da rufi, duk abin da ake ciki yana tsallako katanga. Nan ya yi ta jin waƙar har ta zauna mashi, ya je wurin masu kasat ya rera masu suka gane ta.

Na ce, "Allahu akbar. Ashe wa'azi ne. Har can ma sun san duniya ba wurin zama ba ce."

Cewa ya yi, "Inna, ji nan wurin," ya ɗaga yatsa. Ni kuma na tura ƙwaryar kunu kusa da gwiwarsa. Yana saurare ya ɗauka ya sha, bai ma san ya sha ba.

Daga ranar, da na ji matar ta fara sai in aika Furera da abin da ya samu. In pil, wato batir, ya yi sanyi, muryar ta koma ta tsoho, sai ya fidda su ya shanya a rana kamar kuɓewa. Da tsinke yake maida zaren kasat ɗin baya don kada pil ɗin su ƙare. Maƙwabta suka fara shigowa, ni ce mai fassara. In ce, nan tana cewa ina waɗanda suka tara, nan tana cewa ku tuba. Jummai ta gidan gabas har hawaye take yi, ta ce wallahi baiwar Allah nan ta san yunwa. Wanki na jin mu, ba ya tanka mana. Amma ya fara ciko, har ya ɗauko sungumi ya gyara ƙotarsa, ya ce zai yi bizne, wato ya zuba iri cikin busasshen rairayi ya jira sama.

Ana haka Rabi'u ya zo, ɗan ƙanena, karen mota ne tsakanin Tasawa da Maradi. Taubashin wanki ne, ba ya raga mashi. Ya shigo da sallama ya same mu zaune, mata huɗu ko biyar, kowa ta yi tagumi. Ya saurara kaɗan, sai ya riƙe ciki.

"Gwaggo, me kuke yi haka kamar zaman makoki?"

Na ce, "Rufe mana baki, wa'azi muke ji."

"Wa'azi! Kai bawana, kai ka ce masu wa'azi ne? Gwaggo, na ga fim ɗin nan da idona. Wani ƙato ne mai tumbi da gashin baki, yana bin wata yarinya suna zagaya itace, ruwa na zuba a kansu, zanenta duk ya manne mata. Cewa take ko duniya za ta taru a kanta sai ta bi shi. Kuma fim ɗin banza, ko dambe na kirki babu. An harbi mutum ya faɗi, can sai ga shi ya tashi yana rawa. Mutane ihu suka yi ta yi a maida masu kuɗinsu."

Jummai ta ja mayafi ta fita tana a'uzubillahi, sauran suka bi ta. Ni na rasa inda zan sa fuskata. Na juya wurin wanki na ce, "Ka sani?"

Ya ce, "Na sani, Inna. Na shiga sau ɗaya don in ga mai muryar. Duk yadda wannan shashashan ya faɗa, haka ne. Ruwan da suka ɓarnatar a wurin rawar nan ya isa ya shayar da garinmu. Sai na juya wa allon baya na zauna har waƙar ta wuce, na fito."

"To me ya sa ba ka faɗa mani ba?"

"Fim ɗin nasu ne. Ni abin da na ji a bayan katanga na riƙe."

Rabi'u ya ce, "Ka ji mahaukaci, ya biya ya kalli fuskokin mutane." Ba wanda ya yi dariya. Wanki ya kashe rakodar, ya naɗe ta cikin tsummanta, ya miƙo mani da hannu biyu. Ya ce, "Gidanki ne."

Na karɓa na sa ƙarƙashin gado. Ranar bai ci ba. Washegari ma haka. Sungumi na jingine inda ya bar shi. Furera kuwa sai ta wuce ta gabana da ƙwarya cike, ta tabbata na gani.

Safi, na sha wuya a kwanakin nan. In na kai goshi ƙasa sai in ga ƙaton nan mai tumbi da ban taɓa gani ba. In na ɗago sai in ga wuyan ɗana. Na so in tambayi malam, na san abin da zai ce, na kuma san ba shi zai wanke gawar ba. Ban je ba.

Da safe na ɗauko rakodar na kai mashi. Na ce, "Ba a cikin gidana ba, kuma ba lokacin salla ba. Gona ba ni da iko da ita." Ya karɓa. Sannan ya rataya ta a wuya, ya saɓa sungumi, Furera ta bi shi da ƙwaryar iri.

Da rana ta take na dama 'yar fura, ruwa ya fi gari yawa, na bi su. Tun daga nesa na jiyo matar. Yana gaba yana sara, taku ɗaya sara ɗaya daidai da gangar, Furera na baya tana zuba iri tana rufewa da diddige. Sama fes, ko alamar hadari babu. Na tsaya gindin gawo ina jan carbi, ina neman gafara, ban yi sallama ba sai da waƙar ta kai ƙarshe. Ya zo ya tsuguna ya shanye furar tas, ya ce ko akwai saura. Na ce babu, sai gobe. Na ɗauki ƙwaryata na kamo hanyar gida.