Malam Isyaku da Wutar Tauraruwa

Shekara talatin Malam Isyaku ya yi yana naɗin koyil ɗin fanka a Dukawuya, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: wutar da ta fita ta wata waya, dole ta dawo ta wata.

A 1999, shekarar da soja suka koma bariki, Malama Bahijja mai koyar da kimiyya ta kawo masa fankarta da ta ƙone. Yana warware wayar, ta ba shi labarin wata tauraruwa, fulsa, wadda faɗinta bai wuce na Kano da kewaye ba. Maganaɗisu ce sukutum, tana juyawa sau talatin a daƙiƙa guda. Juyin nan ke fizgo wani turiri mai ɗauke da lantarki daga jikinta, ya yi ta kwarara waje.

"Janareto ke nan," in ji shi. "To Malama, ta ina wutar ke dawowa?"

Ta ce masana ma a kan wannan suke ta muhawara.

Abin ya tsaya masa a rai. Ya zana tauraruwar da gawayi a bangon shago, duk ɗan bokon da ya shigo sai ya sha tambaya.

Har ya rasu zanen na nan. Layukan wuta sun fita daga tsakiya, ɗaya ya lanƙwaso zai dawo, saura ƙiris ya taɓa tauraruwar, ya tsaya. Malam Isyaku ba ya haɗa wayar da bai ga bakinta ba.