Ranin da Muka Baje Kunyoyi

Duk wanda yake son ya ga adalci ido da ido, kada ya wahalar da kansa zuwa kotu, kada kuma ya buɗe manyan littattafai. Ya je gonar gero bayan girbi, ya tsaya a kwanar gabas, ya ga yadda ƙasa take yanke wa dawaki hukunci tun alƙalin tsere bai ɗaga tuta ba. Na yi shekaru ina rubuta kalmar adalci a allo yara suna maimaitawa, ban taɓa gajiya da ita ba sai a filin sukuwar garinmu, kan hanyar Zango.

Sunan fili kawai muke ba shi. Gonar wani dattijo ce da ake ara da rani, a cire tushen kara, a kafa sanduna a zagaye. Mafi yawanta a shimfiɗe take, amma a kwanar gabas kunyoyin huɗa suna nan a gicciye kamar haƙarƙari. Ta cikin kwanar akwai wata siririyar hanya da shanu suka daddaƙe, tauri kamar daɓe. Dokin da ya taho a hankali yana iya manne wa hanyar nan ya wuce. Wanda ya taho da wuta kuwa ba ya iya shan kwanar a matse, dole ya buɗe, ya faɗa kunyoyi, ya yi ta tsalle kamar akuya har na baya su wuce shi.

Yayana yana da wani jan doki, bikili, irin masu wutar nan. Da an saki linzami shi ne gaba, kuma bai san wani wuri ba sai gaba. Kowace shekara shi ke jan tsere har kwanar gabas, kowace shekara a nan ake barinsa. Ba kyautar ce ta dami yayana ba. So yake sau ɗaya a rako dokin nan da kiɗa har ƙofar gida, kafin haƙoransa su gama tona shekarunsa. Dokin kuwa ya fara manyanta.

"Malam, kai da ka yi karatu," in ji shi, muna dawowa yana jan dokin, "wannan adalci ne?"

Na ce, "Yaya, a koya masa jira mana. Ya lafe a baya kamar sauran."

"Kai ka iya koya wa yaran ajinka jira? Su da suke jin Hausa?"

A nan aka naɗa ni mai magana da yawun bikili, ba tare da an tambaye ni ba.

Na zaci kowa zai so a gyara fili. Na manta da mutanen gindin gawo. A garinmu ba a caca, kowa ya san haramun ce. Abin da ake yi shi ne "sa goro". Mutum ya sa goro a kan doki, wani ya sa a kan wani, in an tashi goron ya koma aljihu ɗaya, kuma ban taɓa ganin wanda ya tauna shi ba. Su waɗannan mutane kunyoyin nan su ne jarinsu. Baƙo zai zo daga garin Babban Mutum, ya ga bikili yana haƙa ƙasa da kofato, ya ce wannan ai ba mai kama shi. Su kuma su yi shiru irin na masu ladabi, su sa goronsu a kan wani lumsasshen doki da ke hamma a baya.

Babbansu wani mahauci ne mai fara'a. Da na kai maganar gaban kwamitin sukuwa, shi ya fara tashi.

"Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ƙasar nan ai ɗaya ce, kowane doki ita yake takawa. Ina rashin adalcin?"

Na ce jarrabawa ma ɗaya ce, amma in rufin aji yana yoyo, yaron da ke zaune a ƙarƙashin yoyon ba daidai yake da na kusa da taga ba.

"To ya matsa mana," in ji shi. Ya juya ga yayana. "Alhaji, ni a ganina a bar fili, a rage tseren. A tsaya a rabi, kullum kai ne zakara."

Aka yi dariya har da shugaban kwamiti, aka ɗage zama.

Haka muka yi ta yi, rani ya bi rani. A ɗage don ana biki, a ɗage don an yi rasuwa, a ɗage don wanda ke riƙe da makullin ɗakin taro ya tafi cin kasuwa. Na faɗi misalin yoyon nan har ni kaina na daina jin daɗinsa. A ƙarshe ba hujjata ce ta ci ba, gajiya ce. Kwamiti ya ce in mai gona ya yarda, su ba ruwansu.

Muka sami dattijon a zaurensa yana gyara ƙotar fartanya. Ya saurare mu har ƙarshe.

"Yaro," ya ce da yayana, wanda furfura ta riga ta cinye wa gemu, "a kan kunyoyin nan nake shuka in ruwan fari ya sauka. In kun baje su, dokinka ne zai yi mini huɗa?"

"Baba, shanuna za su yi. Kowace damina."

"Kowace damina, ko daminar da ka tuna?"

"Kowace, Baba. Ga Malam shaida."

Na zama shaida kuma, nan ma ba a tambaye ni ba.

Aka kawo tarakta ta baje kwanar, muka bi da manjagara muna tsince saiwa, aka yayyafa ruwa aka daddaƙe. Da aka gama, yayana ya cire takalmi ya taka wurin daga farko har ƙarshe. A makon nan bikili ya ci harawa da dusa da kanwa fiye da yadda ya taɓa ci a rayuwarsa.

Ranar tsere na iso da hantsi na tarar da manyan motoci a bakin fili, ana sauko da wasu dawaki dogaye, sirara, masu ƙafafu kamar an fere su. Ta Kongolam suka shigo, daga ƙetaren iyaka. Na gaisa da ɗaya daga cikin masu su, na tambaye shi abin da ya kawo su bana.

Ya ce, "Mun daɗe muna jin labarin sukuwarku, amma wa zai kawo dokin kirki ya karya ƙafa a kunya? Sai muka ji an ce wani malami ya tsaya tsayin daka an gyara. Allah ya saka masa."

Na ce amin.

Mahaucin yana gindin gawo, ya riga ya zagaya baƙin dawakin ya dudduba, ya san inda goronsa zai kwana. Ya ɗago mini hannu.

"Malam, fili ya yi kyau. Yau kam ba mai kuka da ƙasa."

Yayana yana tsaye a kwanar gabas, inda ya zaɓa don ya gani da idonsa. Na je na tsaya kusa da shi. Aka ɗaga tuta.

Bikili ya sha kwanar lafiya lau, ko tuntuɓe bai yi ba. Duk baƙin sun riga shi wucewa.