Ranar da Kawu Ɗanlami Ya Yi Dariya

Shekara biyar ke nan da rasuwar kawuna, Alhaji Ɗanlami mai goro na unguwar Treichville, Allah ya jiƙansa. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya a lokacin, kuma na ci alwashin sai na ga haƙoransa. Na kwaikwayi tafiyar 'yan sanda, na ɗaura wa akuya ɗankwalin Inna, shi dai ya dube ni kamar ruɓaɓɓen goro. In ya ratsa kasuwar Adjamé, har jarirai kan yi tsit a bayan uwayensu. Da zai ga benayen da ake ta ginawa yau, na san abin da zai ce: "Me aka ajiye a sama?"

Amma shi ma saman ya hau. Goro ba ya son doguwar tafiya a mota, don haka Kawu yakan bi wani tsohon jirgin kaya zuwa Yamai, ya zauna a baya tsakanin huhunan goro, shi da abokin cinikinsa Malam Sani.

Malam Sani ne ya ba mu labarin tafiyar ƙarshe. Hadari ya tare hanya, matuƙi ya yi ta hawa don ya bi ta samansa. Can sai Kawu ya yi murmushi. Daga nan ya tuntsire da dariya, ya kwance huhu, ya shiga rabon goro, mutumin da ko ɓari sai ya binciki asalinka kafin ya miƙa maka. Ya ce tun da aka haife shi bai taɓa jin kansa garau haka ba. Malam Sani ya so ya yi addu'a, ya nemi wadda ya haddace tun yarinta ya rasa ƙarshenta, kuma maimakon tsoro, abin dariya ya ba shi.

Da na ji haka a zaman makoki, haushi ya kama ni. Na yi shekaru ina wahala, ashe jirgi ya riga ni.

Sai da makaniken jirgin, wani ɗan ƙabilar Jula mai suna Musa da ke cikin tafiyar, ya zo gaisuwa na daina jin haushi. Ya ce iskar can sama ba ta da ƙarfi. Mutum yana shaƙa, amma abin da jini ke samu ya ragu, kuma ƙwaƙwalwa ce ke fara jin yunwa. Mugun abin, ba ta kuka. Sai ta gaya wa mai ita cewa ya fi kowa wayo da lafiya, alhali lissafi yana zubewa, tunani yana tsinkewa. Shi ya sa ba a tambayar mutum yadda yake ji, leɓensa ake dubawa. In ya yi shuɗi, a kafa masa kwalbar iska, wadda guda ɗaya ce tal a bayan jirgin.

Malam Sani ba ya cin goro saboda cikinsa. Leɓensa ya yi shuɗi, aka ba shi kwalbar. Kawu kuwa goro da furen taba sun rine bakinsa tun kafin a haife ni.

"Na duba shi," in ji Musa, "baki ja wur, yana ta dariya. Na ce wannan Alhaji ya fi mu lafiya."

Kawu yana da ciwon ƙirji da yake ɓoyewa. Ya jingina da huhu ya yi barci, aka sauka Yamai bai farka ba.

An ce yanzu akwai manyan jirage masu riƙe iskar ƙasa a cikinsu. Goro ba ya shiga waɗannan. Tsohon jirgin nan yana nan, ina jin gurnaninsa in ya ratsa saman lagun, babban tafkin birninmu, kuma ranar Asabar yayana Hamisu, ɗan Kawu na fari, zai hau shi karon farko. Ya gaji sana'ar, ya gaji ɗaure fuskar, ya gaji jan bakin.

Tun makon jiya nake sace goro daga aljihunsa, ina ajiye masa asuwaki a madadinsa. Na ce masa, "Yaya, in ka ji daɗi a can sama, ka yi ihu a kawo kwalba." Ya ce in daina shirme, ai shi ba yaro ba ne, zai gane in wani abu ya same shi. Na san Kawu ma haka ya zata.

Abin da Kawu ya bar mini ke nan: ni da nake neman dariya a bakin kowa, yau addu'ata Yaya ya tafi da fushinsa ya dawo da shi. Na kwashe na aljihunsa kaf. Amma ranar Asabar a tsakiyar huhunan goro zai zauna, kuma tafiyar da nisa.