Gugan Inna

Ku matso, jikoki, ku ara mini kunnuwanku, wannan ba tatsuniya ba ce. Jiya ina sharar rumbu na ci karo da tsohon gugan Inna, uwar kakanku, sai maganarta ta faɗo mini.

Can baya, Dutse na sabuwar hedikwatar jiha, aka kafa mana famfon tuƙa-tuƙa a ƙauyenmu na bayan Kiyawa. Rani ɗaya ya yi yana ba da ruwa, maza suka ce a cike rijiya.

Inna ta tare mai unguwa, guga a hannu. "Igiya dai na san ranar tsinkewarta, don na ga ƙarshen igiyoyi da yawa. Wannan ƙarfen, wa ya taɓa ganin mutuwarsa?"

"Haba Inna, ai bai taɓa lalacewa ba."

"Ranka ya daɗe, jaririn jiya ma bai taɓa zazzaɓi ba. Ku bar rijiyar."

Suka yi dariya, suka zuba wa rijiyar shara, har da mushen akuya. Tir! Warin nan har yau yana hancina.

Da rani ya zagayo, wata 'yar roba ta cinye a cikin famfon, ba a samu irinta ba. Muka koma kududdufi, ruwa kore shar, shanu na fitsari a ciki, muna tacewa da ɗankwali.

Mai unguwa, kurkunu ya kwantar da shi damina guda, ciyawa ta cinye gonarsa. Kakanku ma da ɗingishin kurkunu ya koma ga Allah. Famfon, awaki ake ɗaurewa a jikinsa. Inna kuwa ba ta sake tayar da maganar ba. Allah Ya shayar da ita ruwa mai sanyi a Aljanna.