Injin da Ke Maimaita Duniya

Na shiga Jidda wata biyar bayan na fita takaba. Umra ce ta kawo ni, da niyyar in yi sati biyu in koma Katsina in ci gaba da koyar da Turanci a makarantar 'yan mata. Da ranar komawa ta zo, sai na ji ba zan iya sake shiga ɗakin da muka zauna shekara bakwai da mijina ba. Hatsarin mota ne ya ɗauke shi, yana dawowa daga ɗaurin auren abokinsa. Jirgi ya tashi babu ni.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta fi shekara talatin a unguwar Hindawiyya. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta sa aka shimfiɗa mini katifa a ɗakin 'yarta, ta ce in zauna har zuciyata ta kwanta. Da safe ina taya ta ƙulla zoɓo da kunun aya, mata 'yan unguwa su zo su ɗauka su kai talla. Ba ni da iƙama, takardar izinin zama, don haka iyakata bakin ƙofa.

'Yar gwaggon haifaffiyar Jidda ce, shekarunta ashirin da shida, tana fama da sikila tun tana goye. Siririya ce, farin idonta ya ɗan yi rawaya, ga ta da kaifin baki. Tana jin Hausa sarai, amma idan za ta yi magana sai Larabci ya riƙa tsoma baki a tsakiyar zance. Ba ta fita aiki, saboda zafi kaɗan ko sanyi kaɗan yana iya kwantar da ita. Wanta, direba ne a wani gida a unguwar Abhur, ya kawo mata tsohuwar na'urar wasan bidiyo da 'ya'yan maigidansa suka gaji da ita, haɗe da fayafayai cikin leda. Yawancinsu wasannin Japan ne, irin masu dogon labari, waɗanda mutum zai yi wata guda yana bi bai kai ƙarshe ba.

Ni da farko kallon shirme nake yi wa abin. Mace baliga ta zauna gaban talabijin tana tura 'yan mutane masu manyan idanu su sari dodanni. Wata rana bayan azahar ina ninke kaya, sai ta juyo.

"Yaya, ke mu'allima ce ta Ingilizi, sah? Zo ki gaya mini esh wannan tsohon yake cewa."

Ashe wasan duk da Turanci aka rubuta shi, ita kuwa Turancinta bai wuce na gaisuwa da sunayen makamai ba. Ta yi kwanaki tana yaƙi ba ta san dalilin yaƙin ba. Na karanta mata layin, na mayar da Hausa. Ta danna, wani layin ya fito. Na sake fassarawa. Har aka kira la'asar ban gama ninke kayan ba.

Daga ranar abin ya zama aikinmu. Ita ke riƙe da abin sarrafawa, wanda take kira yad, ni kuma ina gefenta a kan katifa ina ba mutanen ciki baki.

Labarin wata duniya ce ta tsibirai. Duk bayan ƙarni guda teku yakan taso ya shanye komai, sannan ruwa ya janye, a sake haihuwar mutane iri ɗaya, da sunayensu da fuskokinsu, su sake yin rayuwar da suka yi ba tare da sun san sun taɓa yin ta ba. A tsakiyar teku akwai wata doguwar hasumiya, mutanen suna fuskantarta suna roƙo, domin sun ɗauka wanda ke cikinta shi ya halicce su. Mu kuma muna bin wata mai fito da kwalekwale, da wani tsohon soja, da wata mai gyaran agogo, waɗanda suka fara tuna abubuwan da ba su faru ba tukuna.

Wurin da na fara samun matsala shi ne sunan da suke kiran na cikin hasumiyar. Kalmar Turancin ita ce wadda ake kiran Ubangiji da ita, kuma mutanen nan uku sun fara maganar za su hau su yaƙe shi. Bakina ya ƙi faɗa. Sai na riƙa cewa "sarkin hasumiya". Kwana biyu ina haka, rana ta uku ta ajiye yad ɗin.

"Yaya, kina yi mini ƙarya. Wannan kalima na san ta. Ba malik ba ne, ba sarki ba ne."

Na ce mata ni ba zan zauna in fassara saɓo ba. Ta ce ita ma Musulma ce, ba ta fashin salla ko tana kwance, kuma labari labari ne. Muryoyinmu suka ɗaga har Gwaggo ta shigo da ludayi a hannu. Na yi mata bayani, ina sa ran za ta ce a kashe na'urar.

Gwaggo ta tsaya ta kalli hasumiyar a talabijin. Ta ce, "Shi wannan ɗin, a cikin gini yake zaune?"

Na ce e.

"Kuma ana iya hawa a same shi da takobi?"

Na ce haka suka ce.

"To ai wannan ba Allah ba ne, ke ma kin sani. Gunki ne. Ki ce gunki, ku bar ɗaga mini murya."

Ta koma kicin. Na ci gaba da cewa gunki, kuma daga baya labarin ya gaskata Gwaggo. Ashe inji ne. Mutanen farko ne suka ƙera shi lokacin da wata annoba ta kusa ƙarar da su. Sun kasa haƙura da waɗanda suka rasa, sai suka yi abin da zai riƙa mayar da duniya baya, domin kada kowa ya mutu mutuwar da ba dawowa. Amma injin bai iya zaɓe ba. Yana dawo da bukukuwan aure, yana dawo da annobar ma.

A tsakiyar tafiya tsohon sojan ya mutu. Ya tare wata gada domin sauran su tsallake, gadar ta rufta da shi. 'Yar gwaggona ta yi ta bincika jakar kayansu. Akwai wani magani da take ba duk wanda ya faɗi a yaƙi ya miƙe, ta tara fiye da guda goma. Wasan ya ƙi ba ta damar amfani da shi.

"Lesh? Don me? Kullum yana faɗuwa ina tayar da shi. Lesh yau ba ya tashi?"

Na ce mata faɗuwar yaƙi daban, wannan kuma ajalinsa ne da masu labarin suka rubuta. Sannan ta ce ita ma haka likitoci suke yi mata, a yi ƙarin jini ta miƙe, a sake yi ta miƙe, kuma ta san akwai ranar da jinin yana nan a rataye amma ba zai yi aiki ba. Ta faɗa ba kuka, kamar mai faɗin farashin tumatir. Na tashi na rage sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, don na ga tana murza gwiwa.

Da muka kusa ƙarshe, mai gyaran agogo ta bayyana wa abokan tafiyarta zaɓin da ke jiransu a saman hasumiya. In sun bar injin, teku zai taso, kowa ya dawo, har da tsohon sojan, amma kowa zai sake shan duk wahalar da ya sha, ba ragi. In sun fasa shi, duniya za ta wuce gaba zuwa kwanakin da ba a taɓa yi ba, wanda ya mutu kuwa ya tafi ke nan.

Na gama fassarawa, na juya ga 'yar gwaggona.

Ta ce, "Ana fasawa, tab'an. Wa zai yarda a dawo da shi cikin wannan ciwon? Ni wallahi ko da duniya za a haɗa mini, halas, sau ɗaya ya isa." Ta dube ni. "Ke fa, Yaya?"

Na ce ni bari zan yi.

"Ki bar shi? Ki sake jin wayar nan da aka yi miki ta rasuwar mijinki?"

Na ce e. In dai za a ba ni shekara bakwai ɗin nan, in sake jin ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida, in sake yi masa faɗa kan ajiye takalmi a kan tabarma, to a sake kira na a gaya mini ya rasu. Sau nawa ma na yarda.

Ta ce, "Shi fa? Kin tambaye shi? Shi ne zai sake mutuwa a kan titi, ba ke ba."

Maganar ta doke ni. Na ce mata ba ta taɓa aure ba, ba ta san abin da take faɗa ba. Ta ce ni kuma ban taɓa jin ƙashina yana tsagewa daga ciki ba. Na tashi na bar mata ɗakin. Kwana uku ba mu kunna na'urar ba, magana ma sai wadda ta zama dole.

Rana ta huɗu da hantsi ciwon ya taso mata. Ya fara daga baya ya hau ƙirji, numfashinta ya riƙa yankewa. Wanta ya baro Abhur ya zo ya ɗauke ta zuwa asibiti, Gwaggo ta bi su. Ni aka bari da gida, domin wanda ba shi da takarda ba ya zuwa inda ake tambayar takarda. Kwana goma sha ɗaya ta yi. Ina ƙulla zoɓo, ina share ɗakin, ina goge ƙurar da ke kan na'urar. A kwanakin nan na yi ta juya tambayarta. Tun rasuwar mijina, addu'ar da nake yi masa da baki ita ce Allah ya ji ƙansa, ya sa can ta fi masa nan. Amma a cikin raina ban taɓa sakin sa ya tafi can ɗin ba. Ina ta janyo shi baya ne, zuwa ƙofar gida, zuwa safiyar da ya fita. Na gane cewa zaman da nake yi a Jidda ma ba ibada ba ce, ɓuya ce. Muddin ban koma na ga ɗakin babu shi ba, ina iya ɗauka yana ciki.

Ta dawo ta ƙara ramewa, bayan hannunta duk shatin allura. Na durƙusa gaban katifarta na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ma'alesh, Yaya, ni ma bakina ba shi da kyau." Washegari bayan azahar ta ce in kunna.

Yatsunta ba su da ƙarfi, yaƙin saman hasumiya ya kayar da ita sau huɗu. A na biyar ta ci. Injin ya buɗe, wani haske yana juyawa a cikinsa, layi biyu suka fito a ƙasa: na sama a fasa injin, na ƙasa a bar shi. Sai ta miƙo mini yad ɗin.

"Ni na san jawabina. Ke ki danna."

Na ce ban iya ba. Ta kama babban yatsana ta ɗora a kan maɓallin, ta nuna mini sama da ƙasa, ta janye hannunta. Na zauna ina kallon layukan nan biyu har aka kira la'asar a masallacin bayanmu. Muka tashi muka yi salla, ita a zaune. Na daɗe a sujadar ƙarshe. Da muka dawo layukan suna nan suna jira. Na danna na sama.

Teku bai taso ba. Aka nuna mai kwalekwalen ta tsufa, gashinta ya yi fari, tana fito da wasu yara da ba a taɓa haihuwa ba a duk zagayen da aka yi. Aka nuna wurin da gadar ta rufta, ciyawa ta rufe shi. Akwai rubutu a ƙasa amma na kasa karantawa, kuka ya ci ƙarfina. 'Yar gwaggona ba ta ce in fassara ba. Ta dafa bayana har na yi shiru, sannan ta ce in haɗa mana shayi, mai na'ana'a da yawa.

Bayan wata biyu na kai kaina wurin hukuma, aka yi abin da ake yi wa wanda ya wuce wa'adinsa, aka sa ni a jirgi. Ranar da zan bar gidan ta rako ni har ƙofa, tana dafa bango. Ta ce in na isa in ɗauko mata hoton kabarin kakarmu, wadda ba ta taɓa gani ba. Na ɗauka na aika mata.

Ta ƙara shekara biyu a duniya. Muna waya kusan duk Juma'a, kuma Hausarta ta ƙara kyau, har tana gyara mini Larabci tana dariya. Wata Talata ina cikin aji Gwaggo ta kira. Na fita baranda na ɗauka. Ta ce an yi ƙarin jinin, an yi komai, Allah ya karɓi abinsa da safe, za a yi mata salla bayan azahar. Na yi salati, na yi wa Gwaggo ta'aziyya, ita ma ta yi mini. Sannan na koma ciki na gaya wa 'yan matan cewa ƙanwata ta rasu a Jidda, na roƙe su su yi mata addu'a. Suka rufe littattafansu, suka ɗaga hannu.