Dodon Koɗin Da Ya Kusa Ɗauke Mini Numfashi

Salamu alaikum. Wata biyu ban ce uffan ba a nan. Ba fushi na yi ba, asibiti na kwanta, kuma abin da ya kwantar da ni har gobe haushi yake ba ni. Dodon koɗi ne.

Sana'ata wanke tankunan kifin ado. A wani gida a unguwar Woolwich, nan Landan, na hango katantanwa a ƙasan tankin ruwan gishiri, zanenta kamar atamfa. Na cire safar hannu, na ɗauko ta, har na yi mata hoto. Ashe dodon koɗin yana ciki da ransa. Sai na ji tsik a yatsa.

Ni da kunama ta harba sau uku a Gusau? Na yi tsaki, na hau bas zuwa gida, Lewisham.

Matata Hadiza ta daka tafarnuwa ta ɗaure mini, yadda muke yi wa harbin kunama. Kafin la'asar leɓena ya mutu, fatar idona ta ƙi ɗaguwa.

"Abban Ilham, zan kira ambulance."

"Ki ce musu me? Dodon koɗi ya ciji mijina? Kar ki ja mini abin dariya."

Ta kira.

A asibiti an ɗebi jini, an manna mini wayoyi a ƙirji. Likita ta duba hoton nan, ta kira wasu masana, ta dawo ba fara'a. Ta ce, "Da dafi yake farautar kifi, kuma ba mu da makarinsa. Za mu riƙe maka numfashi har ya sake ka."

Kwana uku na'ura ke yi mini numfashi. Nakan farka in ji Hadiza tana karanta addu'a a kaina, ko yatsa ba na iya motsawa. Na ji tsoro, wallahi, irin wanda ban taɓa ji ba.

Da na farfaɗo Inna ta kira daga gida: "Yanzu duk motocin Landan, dodon koɗi ne ya same ka?" Abokai kuwa har yanzu ba su gaji da tsokana ba.

Alhamdulillahi. Na gode wa nas-nas ɗin da suka yi ta juya ni kamar jariri.

Shawarata: katantanwar teku komai kyanta, kada ka taɓa da hannu tsirara. In ta harbe ka, asibiti nan take, tafarnuwa a bar wa miya.

Hadiza, da kin bi maganata ranar nan, da ta'aziyyata mutanen nan suke karantawa.